Nusret Karalić, Mai Gudumar Troska

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma, wani a gaba wani a baya.

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Fabrairu na shekarar 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Nusret Karalić a asibitin garinmu na Varnik, yana da shekara sittin da uku, bayan jinyar huhu ta wata huɗu. Matarsa Fikreta ce ta kira ni. Ina tsaye ina ɗauraye kofuna, ta ce, "Mubera, ya tafi." Muka riƙe waya haka nan har ruwa ya cika kwano ya fara zuba ƙasa.

Da yamma na fita, Nusret, na tarar har an manna takardar sanarwar rasuwarka mai koren gefe a allon ƙofar masallaci. Hoton katin fansho suka sa, an taje maka gashi kamar ba kai ba. Ƙarƙashin sunanka an rubuta: mai walda, mai ritaya. Ba su yi ƙarya ba. Amma ba su rubuta Troska, ƙungiyar kiɗanmu, ba, kuma tunda mu uku ne muka kafa ta, biyu sun riga sun kwanta, rubutun ya faɗo kaina.

A ɗakin cin abincin ma'aikatar narka ƙarfe na fara ganinka, a shekarar 1984. Ni ina sashen gwaji, kai kana walda, Gavro Dakić kuma yana gyaran lantarki. Kana zaune gaban kwanon wake da ya huce, kana buga cokali a jikin bututun da ke dumama ɗakin, kana bin sautin babbar gudumar ma'aikata, wadda ke sauka duk bayan daƙiƙa huɗu har ƙasa ta amsa. Gavro ya ce maka ka ci abincinka ko ka miƙo masa. Ka ce masa duk wani ɗan Varnik da wannan bugun aka yi cikinsa, da shi aka yaye shi, da shi za a kai shi kabari, amma ba wanda ya taɓa zama ya saurara. Na yi dariya daga teburin da ke bayanku. Ka juyo ka tambaye ni ko na iya wani kayan kiɗa. Na ce yayana ya tafi soja ya bar jita mai kaurin murya a ƙarƙashin gado. Ka ce shi ke nan, an ɗauke ni.

Ɗakin ƙasa na tsohon rumbun kwal da ke bayan layin dogo, nan ne gidanmu na shekara takwas. Ka tara durom na mai guda shida, guntun ƙarfen layin dogo da ka rataye da sarƙa, murfin tukunyar jirgi, injin gugar ƙarfe mai watsa tartsatsi, da guduma uku waɗanda ka raɗa wa sunayen gwaggonninka, domin a cewarka su ma ba sa magana sai sun ji wa mutum ciwo. Gavro ne mai murya da jitar lantarki. Shi ya zaɓi sunan Troska, wato kashin maƙera, abin da ake zubarwa bayan an tace ƙarfe. Ya ce tunda a juji za mu ƙare, gara mu riga mutane faɗa.

Wasanmu na farko a zauren ma'aikata aka yi shi, wata Asabar da la'asar, a bikin matasa. Mutum arba'in suka shigo. Ba mu cika minti tara ba shugaban zauren ya sauka ya kashe wuta da hannunsa. Jitata ta mutu, muryar Gavro ta mutu, kai kuwa ko ɗago kai ba ka yi ba, don guduma ba ta shan lantarki. Ka ci gaba kai kaɗai kusan rabin sa'a. Da ka ajiye, mutum goma sha ɗaya suka rage. Cikinsu akwai wani dattijo mai aiki a bakin tanderu, ana ce masa Shefik Dogo. Ya matso yana sosa kunne ya ce, "Ɗana, ni awa takwas nake sauraron wannan bala'in kullum, kuma biyana ake yi. Kai wa ya aike ka?" Ka ce masa, "Baba, ai shi ya sa ka fi kowa ganewa." Ya tafi yana tsaki. Daga ranar har ya rasu ba mu yi wasa a Varnik ba tare da ganinsa a can baya ba, ya jingina da bango, hularsa a hannu.

Abin da ya fitar da sunan Troska daga garinmu kuwa ba abin farin ciki ba ne. A bazarar 1987 tukunyar narkakken ƙarfe ta kuɓuce ta kife a kan mutum biyar masu aikin safe. Jarida ta ba su layi uku, ba suna ko ɗaya. Kai da kanka ka bi gidajen biyar ɗin, ka cire takalmi a kowace ƙofa, ka zauna ka sha kofi, ka roƙi izinin matansu da iyayensu mu ambaci sunayen. Huɗu suka yarda nan take. Ta biyar ta kore ka sau biyu, sannan ta aiko da ƙaninta ya ce maka a faɗi sunan daidai, har da na mahaifinsa. Waƙar ba ta da wasu kalmomi. Gavro ya kira suna, ka sauke guduma a kan layin dogo sau ɗaya, mu tsaya har sautin ya mutu gaba ɗaya, sannan suna na gaba. Idan an gama na biyar sai komai ya ɓarke a tare. Muka ɗauke ta a kaset, muka sa masa suna Mutum Biyar.

Bayan mako biyu aka kira mu ofishin 'yan sanda. Jami'in ya kunna kaset ɗin, ya kashe, ya tambaye ka me waƙar take nufi. Ka ce, "Ranka ya daɗe, sunaye ne kawai. Wanne ne a cikinsu ya saɓa doka, mu cire?" Aka sallame mu da yamma. Ƙarin girman da kake jira bai zo ba, kuma gidan rediyo bai taɓa sa mu ba, ko a lokacin ko daga baya. Amma kaset ɗari uku da muka kwafa ɗaya bayan ɗaya a rakodar Gavro sun yi tafiyar da mu ba mu yi ba. Wasiƙu suka riƙa zuwa daga Zagreb, daga Belgrade, daga Skopje, daga garuruwan haƙar ma'adinai da ba mu taɓa jin sunansu ba. Wani ya rubuto cewa kwafinsa kwafin kwafi ne har sau shida, sunayen sun dusashe, yana roƙo a rubuto masa su. Ka zauna ka rubuta da hannunka, haka ka yi wa duk wanda ya tambaya.

Mutanen da suka san ka a kan dandali kaɗai, baƙin mai a fuska, tartsatsi na tashi, sun ɗauka kai mutum ne mai zafi. Ba su ga ƙofofin ƙarfe da murhunan da ka gyara wa matan mutum biyar ɗin nan shekara da shekaru ba, ba tare da sun kira ka ba. Ba su san yadda ka yi da mahaifina ba. Lokacin da ya ji cewa ni da Gavro mun daidaita, ga shi Kirista ɗan Sabiyawa, ya daina yi mini magana. Ba ka je masa da wa'azi ba. Ka ɗauki tsani ka hau rufinsa ka gyara indararon da ke yoyo tun ina yarinya, ka dawo washegari ka gyara ƙofar lambu, ka dawo jibi, har ya gaji ya tambaye ka abin da kake nema. Ka ce ba komai, akwai dai wani abokinka mai gyaran lantarki da ya kamata ya duba wayoyin gidan nan kafin su cinye mutum. Haka Gavro ya shiga gidanmu. Mahaifina bai taɓa cewa ya yarda ba, amma ya fara ajiye masa kujera.

Sai yaƙi ya zo a 1992, ya raba Musulmi da Sabiyawa. Mahaifiyar Gavro, Stana, tana ƙauyensu a bayan dutse, kuma layin daga ya bi ta tsakaninsu. Gavro ya ƙi sa kakin kowa. A watan Mayu aka fasa ɗakinsa, aka watsar da kayansa a titi. Kai ka je ka ɗauko shi da rana tsaka, ka kai shi ɗakin sama na gidanka, ƙarƙashin rufi, alhali Fikreta tana goyon 'yarku Ilhana 'yar wata takwas. Wata biyar yana can. Kuna raba burodi ɗaya gida uku. A watan Oktoba aka ji cewa za a bar farar hula su tsallaka ta tsohuwar gada na yini guda. Ka raka shi da safe har bakin shingen da ke gadar. An gan shi ya tsallaka, da jakarsa a kafaɗa. Bai isa ƙauye ba.

Abin da gari ya sani shi ne kewar uwarsa ce ta ja shi. Ni ma haka na bari aka sani.

Bayan yaƙi, a hunturun 1996, ka ƙwanƙwasa mini ƙofa da wani gwangwanin biskit a hammata. A ciki akwai zaren ɗaukar murya na wani zama da muka yi a 1989, ranar da muka ɗauki muryar Gavro ita kaɗai don mu haɗa da kiɗa daga baya. Ka ce ba za ka nemi wani mawaƙi ba, kuma ba za ka iya zama shiru ba. Na karɓa ba don kai ba. Na karɓa ne don babu wata hanyar da zan sake jin muryarsa da ƙarfi.

Shekara ashirin da uku muka yi muna wasa haka. Kai a hagu da ƙarafanka, ni a dama, a tsakiya kuma sandar makirfo a tsaye ba kowa a bayanta, an daidaita ta da tsawonsa. Muka yi wasa a rumbunan da aka watsar, a tashar jirgin da ta mutu, a ɗakunan ƙasa na Sarajevo da Ljubljana, har sau ɗaya a wata tsohuwar masaƙa a Italiya. Ba mu taɓa tara mutum ɗari biyar a wuri ɗaya ba. Amma waɗanda suka zo ba sa hira, ba sa rawa. Tsayawa suke yi suna kallon wurin da ba kowa.

Zaren nan kuwa, yawan juyawa ya sa yana saki a hankali. Kowace shekara muryar tana ƙara kauri, tana ƙara jan jiki. Mutumin da muka ɗauka yana ɗan shekara ashirin da takwas ya fara magana kamar mai arba'in, sannan kamar mai hamsin. Wani masanin sauti a Zagreb ya ce zai iya mayar da ita yadda take a cikin sa'a ɗaya da na'urarsa. Ka gode masa ka ce a bar shi, yana tsufa ne tare da mu. Kai ne ka riƙa rage saurin gudumarka don ka bi shi.

Akwai wani wuri a tsakiyar zaren da ba waƙa ba ne. Ranar ɗaukar, kana buga masa lokaci da ƙafa, sai ya yi tari ya ce, "Tsaya, Nusret, ka yi sauri." Na ce a yanke wurin, ka ƙi. Don haka a kowane wasa, a gaban mutane, muryar ta kan tsaya ta kira sunanka ta ce ka yi sauri. Kai kuma sai ka ɗaga guduma ka riƙe ta a sama, ka jira, har ya ci gaba. Masu kallo sun ɗauka tsari ne, har wasu suka rubuta a kansa a mujallu. Ni da ke tsaye taku huɗu daga gare ka ina ganin fuskarka. Kuma Allah ya gafarta mini, ban taɓa jin tausayinka a wannan lokacin ba. Ina jiran wurin ne.

Ban gaya wa kowa ba, amma Fikreta ta lura, kai ma ka lura. Na gaishe ka, na sha kofin matarka, na riƙe mayafin Ilhana ranar aurenta, mun yi tafiyar awa goma sha biyu a mota ɗaya. Duk wannan ban taɓa yi maka wata magana da ta wuce ta aiki ba.

A shekarun nan ne kuma kake zuwa wurin Stana. Tun kafin mutane su fara tsallaka layin ba tsoro, ka ɗauki zarto mai inji ka hau dutse a watan Oktoba. Shekarar farko ta rufe ƙofa ta sako maka kare. Ka yanka mata itacen hunturu, ka jera a jikin bango, ka tafi. Ta biyu ma haka. A ta uku ka tarar da kofi a kan katanga, ya riga ya huce. Sai a ta shida ta buɗe maka. Na raka ka sau ɗaya, na ji yadda kuke yi. Ta leƙo ta taga, ta kira ka da sunan da suke yi wa Musulmi gori da shi, ta ce, "Kai Baturke, ka sake yanka shi da tsawo. Murhuna ne, ba hasumiyar masallacinku ba." Ka ce, "Inna, murhun ne ya tsufa ya ƙanƙance, kamar mai shi." Ta zage ka, sannan ta zuba maka miyar kabeji har ta kusa zubewa. A kan tebur akwai faranti na uku da take ajiyewa kullum. Ba ta taɓa tambayarka yadda aka yi ɗanta ya bar gidanka ba. Ta rasu a 2016, kana cikin waɗanda suka ɗauki akwatinta daga ƙofar coci zuwa kabari, mutanen ƙauyen suna kallonka.

Jinin da ta bayar don gwaji kafin ta rasu shi ya sa aka gane gawar Gavro. A 2019 aka tono mutum tara a ramin wata tsohuwar mahaƙar farar ƙasa, ko kilomita biyu babu daga gadar. Shekara ashirin da bakwai muna wucewa ta gefen wurin a mota. Aka kira mu muka je. A cikin kayan da aka jera a kan farin ƙyalle akwai makullin ɗakin ƙasa na rumbun kwal. Ka ɗauka ka juya shi, ka mayar. Muka binne shi kusa da uwarsa. Da muka dawo ka mayar da zaren cikin gwangwaninsa, ka ce an gama, yanzu ya samu wurin kwana, bai kamata a riƙa tashinsa ba. Troska ba ta sake wasa ba.

A lokacin kunnenka ya riga ya tafi. Shekara talatin da biyar na guduma da walda sun cinye na hagu gaba ɗaya, na dama kuma sai da na'ura. Wani ƙaramin kamfani a Jamus ya fitar da kaset ɗinmu huɗu a faifai, ya aiko maka da naka. Ka ajiye su a kan kabad ba ka ko cire ledar ba, ka ce me za ka yi da su, kallo? Amma baƙi suka fara zuwa. Samari da 'yan mata masu baƙaƙen kaya, daga Poland, daga Girka, daga Naples, kowa da ƙungiyarsa, kowa yana cewa daga gare ku muka koya. Ba ka taɓa yi musu dogon bayani ba. Fikreta ta zuba musu wake da burodi, kai kuma ka fitar da su tsakar gida ka nuna musu yadda ake riƙe guduma ba tare da wuyan hannu ya lalace ba. Wata ɗaliba da ke rubutu a kanmu ta tambaye ka saƙon da Troska ta bar wa duniya. Ka sa ta maimaita sau uku, sannan ka ce ta rubuta cewa a riƙa toshe kunne da auduga. Shekara goma sha huɗu ka yi kana koyar da walda a makarantar sana'a, kuma ka fi alfahari da waɗanda suka fita da yatsunsu goma cif fiye da duk abin da aka rubuta a kanmu.

Yanzu zan faɗi abin da na ɓoye, don kai ka ba ni izini, Fikreta ma ta ba ni.

A safiyar da Gavro ya tafi, kafin ku nufi gada, ya biyo ta gidanmu. Ya gaya mini cewa jiya Fikreta ta buɗe ƙofa ta tarar da gurneti a bakin dokin ƙofa, ba a zare shi ba, an naɗe shi cikin rigar Ilhana da aka ciro daga igiyar shanya. Ya ce ka hau sama ka zauna a gefen katifarsa ka daɗe, sannan ka ce masa dole ya tafi. Ba kewar uwa ba ce ta fitar da shi, kai ne. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ki gaya masa, da ni ne, tun a watan farko zan kore shi. Kada ya sa abin a ransa. Kin ji?" Na ce na ji.

Ban gaya maka ba. Da farko na ce sai ya dawo ya faɗa da bakinsa. Da bai dawo ba, sai na riƙe saƙon kamar wanda ya riƙe maganin mai ciwo a aljihu yana kallonsa. Na san kai ba ka da laifi. Na san da ni ce ke goyo da haka zan yi. Sanin bai hana ni ba. Shekara talatin da biyu.

A watan Janairu da ya wuce Ilhana ta kira ni ta ce likitoci sun daina maganar sallama. Na je da azahar. Ka rame, an sa maka abin shaƙar iska, na'urar kunnenka tana cikin kofi a gefen gado don ta daina yi maka amfani. Akwai littafin rubutu da ake yi maka magana da shi. Na ɗauka na rubuta komai, shafi biyu. Ka sa tabarau ka karanta, ka koma farko ka sake karantawa. Sannan ka janye abin shaƙar, ka yi magana da ƙarfi irin ta kurame, har mutum biyar da ke ɗakin suka juyo.

"Ai ya faɗa mini a bakin gada. Har da zagi ya haɗa."

Na tsaya ina kallonka. Ka ce kana tsaye a bakin layinmu lokacin da ya shiga wurina, ka san ya gaya mini, kuma ka san abin da zai ce in isar. Na rubuta: to me ya sa ba ka taɓa yin magana ba?

"Ba tasa yafiyar nake jira ba, Mubera. Taki nake jira."

Na sake jawo littafin. Na rubuta cewa babu abin da zan yafe, ni ce mai neman gafara. Ka girgiza kai, ka buga yatsa a kan takardar, ka ce in rubuta dai, kana so ka gani. Na rubuta: na yafe maka, ka yafe mini. Ka duba, ka ce rubutuna har yanzu kamar kaza ta taka tawada, ka ce ka yafe tun tuni. Sannan ka ce in ɓare maka lemo.

Kwana goma sha tara ka yi bayan nan. Kullum ina zuwa. Muka cika littafin, Fikreta ta sayo wani, muka kusa cika shi. Muka yi gulmar matattu da rayayyu, muka yi gardama a kan wanda ya ɓata wasan Skopje, ka ba ni labarin wata biyar ɗin da ya yi a ɗakin samanka, abin da yake ci, abin da yake faɗa a kaina, abubuwan da da na tambaya da na sani tun ina da sauran ƙuruciya. Kwana goma sha tara, Nusret. Abin da na bar mana ke nan, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa.

An yi jana'izarka ranar Alhamis bayan azahar. Ina gida tare da mata muna zikiri, mijin Ilhana ne ya ba ni labari. Ya ce sahu ya fita har titi: tsofaffin ma'aikata masu tari irin naka, ɗalibanka na walda, 'ya'ya da jikokin mutum biyar ɗin nan. A bayan sahu kuma wasu baƙi sun fi talatin, da baƙaƙen riguna da zobba a hanci, waɗanda ba su san yadda ake sallar ba, suka tsaya cikin dusar ƙanƙara kai a buɗe har aka gama, sannan suka shiga layi aka riƙa miƙa musu makara daga hannu zuwa hannu kamar kowa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Fikreta, wadda ta ciyar da baƙo wata biyar daga abincin goyonta, ta kuma yi haƙuri da shiruna shekaru masu yawa ba ta taɓa rufe mini ƙofa ba. Ina yi wa Ilhana da mijinta da 'ya'yansu biyu ta'aziyya, da ƙanwar mamaci Zumreta, da Radmila, yayar Gavro, wadda ta yi awa tara a mota daga Novi Sad don ta zauna tare da mu a kan tabarma ɗaya. Allah ya ba ku haƙuri, ya sa ku ga alherinsa a bayansa.

Ya Allah, bawanka Nusret ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka sanya ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Ka duba marayun da ya riƙe, da tsohuwar da ya ɗumama wa ɗaki shekara ashirin, da ran da ya ɓoye a gidansa iya ƙarfinsa. Abin da ya gagare shi, Kai ne Ka san nauyinsa, Ka sauke masa shi. Gavro kuma da uwarsa, Kai Ka halicce su, Ka fi mu sanin su, a hannunKa muka bar su. Ni da na rage, Ka yafe mini jinkirina, kuma idan tawa ta zo, kada Ka same ni riƙe da amanar kowa.

Mubera Softić
Varnik